Amsa ga Hajiyar da 'yan duba gari suka bai wa wa'adin kwana 7 a gidan abincinta

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce wata 8 kenan da buɗe gidan abincinki, kin zuba tayil kin sa esi, yaranki kowa da hula da riga iri ɗaya, amma 'yan duba gari da suka zo ko kallon wurin zaman kwastomomi ba su yi ba, kai tsaye suka faɗa kicin da banɗaki, suka bar miki takarda wai ki gyara cikin kwana 7 ko su garƙame wurin, sannan maƙwabcinki ya ce ki daina wahalar da kanki, ki ba su na goro kawai su kama gabansu. Kina so ki san me suke nema, kuma shin ba kuɗi kawai ya kawo su ba.

Toh ni wannan aikin shi na yi har na yi furfura, daga makarantar koyon aikin tsafta ta Kano na fito, kuma na shiga kicin ba adadi, daga na mai tuwo-tuwo a tasha har na manyan otal. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai ɓata-gari a cikinmu, akwai ma waɗanda ba ma'aikata ba ne sam, kaki kawai suka samu suka saka. Don haka haƙƙinki ne ki nemi katin shaida, ki tambayi daga wace ƙaramar hukuma ko ma'aikata aka turo su, kuma duk kuɗin da aka ce ki biya sai da rasit na gwamnati. Amma shigowar ita kanta doka ce ta ba su dama, kundin tsarin mulkin 1999 a jadawali na 4 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi da mayanka da kasuwanni, kuma tun 2002 akwai hukumar tarayya da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista. Abin da na sani shi ne wanda kuɗi ya kawo shi ba ya ɓata lokacinsa yana rubuta takarda, a bakin ƙofa yake tsayawa ya ce ina mai wurin. Waɗanda suka wuce falo suka shige ciki suka rubuta miki abin da suka gani, alama ce sun san aikinsu.

Dalilin da ya sa ba su kalli tayil ɗinki ba kuwa, cutar ba a falo take ba. Abin da ke kwantar da mutane a asibiti daga gidan abinci kusan kullum bai wuce tsawon lokacin da abinci ya yi a ajiye, da hannun mai girki, da ruwan da ake aiki da shi ba, kuma duk ukun a bayan labule suke inda kwastoma ba ya gani, shi ya sa masu gidajen abinci suke kashe kuɗinsu a gaba su manta da baya.

Bari in daɗe a kan maganar ajiya don ita ce aka fi raina wa. Ƙwayoyin cutar abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 zuwa digiri 60. Ƙasa da 5 sai su lafa, ba wai sun mutu ba fa, lafawa kawai suka yi, sama da 60 ba sa iya ƙaruwa, idan dahuwa ta kai 70 har tsakiyar abincin to mafi yawansu sun mutu. Yanzu ki tuna kicin ɗinki a watan Afrilu lokacin da zafin gari kansa yake kai 40, ga murhu ga ba iska. A irin wannan yanayin ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu duk minti 20, ki ɗauki biro ki lissafa, cikin awa 7 ƙwaya ɗaya tak ta haura miliyan 2. Wato shinkafar da aka sauke ƙarfe 11 na safe aka juye a roba aka tura gefe, kafin a kira magariba ta zama wani abu daban, kuma ba ta wari, ba ta yauƙi, ɗanɗanonta bai canja ba, mai girkin zai ɗanɗana ya ce miki lafiyarta ƙalau kuma ba ƙarya yake yi ba, harshe ba ya jin wannan. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, ko dai ya zauna da zafinsa sosai ko ya shiga firij.

Nasan abin da za ki ce, ai muna ɗumamawa. Duk inda na je haka ake ce min. Ɗumame yana kashe ƙwayar amma akwai ƙwayoyin da kafin su mutu sun riga sun zuba dafi a cikin abincin, kuma wuta ba ta lalata wannan dafin. Shinkafa ce kan gaba a nan, akwai wata ƙwaya da ake kira Basilus siriyus, tun daga gona take zuwa a jikin shinkafar, tana da wani ɓawo da take ɓuya a ciki wanda tafasa ba ta fasa shi, sai shinkafa ta huce ta fito ta yi ta haihuwa. Ki ɗauki wannan shinkafar ta jiya ki soya ta da karas da koren wake ta yi kyau tana tururi, mutum ya ci, tsakanin awa 1 zuwa 5 ya fara sheƙa amai. Kula kuma da kuke zuba abinci ba murhu ba ce, riƙe zafi take na ɗan lokaci, duk buɗewa ɗaya zafin raguwa yake. Babban laifin da nake kamawa shi ne a zuba sabuwar shinkafa a kan ragowar tsohuwa a kula ɗaya, na ƙasan nan tun safe yake, wani wurin ma tun jiya, ba a taɓa kaiwa gindin kular ba balle a wanke ta. Ki riƙa dafa kaɗan-kaɗan sau 2 ko 3 a rana, gas zai ƙaru na sani, amma asarar abincin da ake zubarwa za ta ragu. Abin da za a ajiye kuma a baza shi a faffaɗan tire ya huce da wuri, kada a tura ƙatuwar tukunyar miya cikin firij, gefenta zai yi sanyi tsakiyarta na nan da ɗumi har gari ya waye.

Sai firiza da matsalar wuta. Akwai wata rana da har yau take min yawo a ido, wani gidan abinci ne mai kyan gaske, gilashi ko'ina, mai wurin mutumin kirki ya tarbe mu da fara'a yana cewa ku duba ko'ina. Na ɗaga murfin firiza, sanyi-sanyi ya ɗan bugo ni, kajin sama da ƙanƙara a jikinsu. Na naɗe hannun riga na tura hannu can ƙasa, sai na ji yatsana ya nutse a cinyar kaza kamar tumatir, na ɗago ledar sai ga ruwan jini kwance a gindin firizar ya kai tsawon gaɓar yatsa, kifi da hanta da kaji duk suna jiƙe a ciki, kuma a kan wannan tulin aka ɗora robar haɗaɗɗen salak da bama ba murfi, da ledojin zoɓo a gefe wai su yi sanyi. Na tambayi yaron kicin, ya ce kwana biyu ba wuta, janareto da daddare kawai ake tayarwa. Kinga naman nan kullum narkewa yake da rana ya sake daskarewa da dare. Mai wurin da ya leƙa ya gani sai da ya dafa bango, wallahi bai sani ba, bai taɓa tura hannunsa ƙasa ba. Muka sa aka zubar da komai a gabanmu, ya yi asara mai yawa kuma na tausaya masa har raina, amma wannan salak ɗin ba wuta zai gani ba, daga robar sai faranti.

Ki riƙe wannan, firij idan an ɗauke wuta kuma ba a buɗe shi ba awa 4 yake riƙe sanyi, firiza cikakkiya tana kai kwana 2, rabi kuma kwana 1, da sharaɗin ba a yi ta buɗewa. Ɗanyen nama kullum a ƙasa cikin roba mai murfi, abin da za a ci ba dahuwa a sama, in da hali ma firij ɗinsu daban. Katakon yanka da wuƙa ma haka, na nama daban na ganye daban, don ƙwayar cutar Salmonela a jikin ɗanyar kaza take, kazar za ta shiga mai ta tsira, kabejin da aka yanka a kan katakon bayan ta shi ne zai kai cutar teburi. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke ki riƙa soka wa cinyar kaza kusa da ƙashi, ki ga ya kai 75.

Yanzu banɗaki, tunda kin ce har can suka shiga. Abin da muke dubawa ba ƙyallin wurin ba ne, muna neman sabulu ne da ruwan da ke zuba. Mu alhamdu lillahi muna tsarki da ruwa kuma abu ne mai kyau ƙwarai, amma ruwa zalla ba ya fitar da ƙwayar taifod ko ta kwalara daga ƙarƙashin farce, kuma butar da kowa yake riƙewa ita ma ɗauke take da nata. Yaro ya fito ya ɗauraye hannu ya goge a jikin wando ko a wannan tsumman da ke rataye a kafaɗarsa, tsumman da shi ake goge teburi da wuƙa da gumi da bakin faranti, sai ya koma yanka albasa. Idan ba famfo, bokiti mai kan famfo ya wadatar, ɗaya a ƙofar banɗaki ɗaya a cikin kicin, da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20. Mai ciwo a yatsa kuma kada ya taɓa abincin da ba za a dafa ba, ƙwayar da ke cikin ƙurji da hanci ita ma irin mai zuba dafin nan ce da wuta ba ta lalatawa.

Tabbas a takardarki akwai maganar gwajin lafiyar ma'aikata, kuma nasan masu gidajen abinci suna ganin hanyar cin kuɗi ce kawai tunda yaran garau suke. Akwai wata mata a Amurka mai suna Mary Mallon, 'yar asalin Ailan, kuku ce a gidajen masu kuɗi a Niyu Yok, kusan duk gidan da ta yi aiki sai taifod ta ɓulla, ita kuwa lafiyarta lau. A 1907 aka gano ita ke ɗauke da ƙwayar, aka killace ta, a 1910 aka sake ta bisa alƙawarin ba za ta ƙara girki ba, ta canja suna ta koma, a 1915 cutar ta sake ɓarkewa a wani asibitin haihuwa da take dafa abinci, daga nan aka killace ta a wani tsibiri har ta rasu a 1938. Kusan mutum 50 aka tabbatar sun kamu ta hanyarta, aƙalla 3 suka mutu. Ƙwayar taifod tana iya zama a matsarmamar mutum shekaru yana fitar da ita a bayan gida bai sani ba. Shi ya sa ake son gwaji duk wata 6. Shawarata ki kai su inda za a gwada bayan gida da gaske, don gwajin jini na Widal da ake yawan yi ba ya tabbatar da mai ɗauke da ƙwayar, kuma ki guji inda za a karɓi kuɗi a buga hatimi ba a ga yaron ba.

Wani abu kuma da ba ya cikin kowace takarda amma ina roƙonki da shi, idan yaro ya ce miki cikinsa na gudawa ki sallame shi ya tafi gida sai ya yi kwana 2 da warkewa, kuma kada ki yanke masa kuɗin ranar. Muddin kina yankewa ba wanda zai ƙara faɗa miki, zai sha flajil ya ɗaure ya tsaya a kan tukunya, don shi ma yana da bakin da yake ciyarwa.

Ruwa. Daga ina yake zuwa? Idan 'yan garuwa ne ki san inda suke ɗebowa, ki leƙa cikin jarkar ki ga ko ta yi gansakuka. Idan rijiya ce ko burtsatse, tsakaninta da masai ya kai mita 30. Tankin sama yaushe rabon a wanke shi, yana da murfi? Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da ake jefawa ciki su ne suka fi ba ni tsoro saboda ana sirka su da ɗanyen ruwa bayan an gama, kunun aya ma ko tafasa ba ya gani. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, wanda ya ga sansanin masu amai da gudawa a damina ba ya ƙara yi wa ruwa kallon wasa. Ki tafasa ko ki sa kulorin. Baho ɗaya na wanke-wanke da ake tsoma faranti tun safe har ruwan ya koma ruwan toka mai na yawo a kai, wannan ma laifi ne, baho 3 ake so, na sabulu, na ɗauraya, na ƙarshe mai ɗan bilic, a kife su bushe da kansu ba a goge da tsumma ba. Latas da kabeji da lansir kuwa kin san wasu lambunan da ruwan kwata ake ba su, irin na gefen Jakara a Kano, a wanke ganye-ganye da ruwa mai tsafta, ba a tsoma ƙullin gaba ɗaya a girgiza ba.

Sito ma za su duba. Buhu kada ya zauna a ƙasa, a ɗora kan katako a ja shi daga bango. Kashin ɓera ɗaya idan na gani a kan buhun garin kwaki ya ishe ni, don zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na jihar Borno kuma duk rani sai ya ɗauki rayuka. Amma maganin ɓeran shi ma wata masifar ce, na sha ganin shinkafar ɓera da fiya-fiya da Sniper a kanta ɗaya da magi da gishiri, wani ma a robar lemo ya juye. A toshe ramuka, a sa raga a taga, shara ta kasance da murfi a fitar da ita kullum, feshi kuma sai an tashi an rufe komai.

Kayan haɗin da ba su da suna a jiki kada su shigo miki. Mutanen Kano ba su manta 2021 ba, lokacin da aka sayar da wata hoda da sunan ɗan tsami aka haɗa lemo da ita, mutane suka yi ta fitsarin jini, gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu kusan 400 sun kwanta asibiti, NAFDAC ta gwada ta ce wani sinadarin masana'anta ne ba na abinci ba. Masu haɗa lemon da yawa ba su san me suka saya ba, arha suka gani a buhun da ba rubutu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, nama kuma daga mahaucin da kika sani wanda yake yanka a abbatuwa inda likitan dabbobi yake dubawa, naman da aka kawo miki da daddare a farashin da bai yi kama da na kasuwa ba ki mayar. Panadol da wasu ke jefawa a tukunya don ganda ko nama ya yi saurin laushi, ki tabbatar ba a yi miki shi a ɓoye, hanta da ƙoda yake ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci yake sa wa ciwo, 420,000 suke mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ta fi kowa jin jiki. Mu a nan ba a cika danganta ciwon da gidan abinci ba, sai a ce shawara ce ko maleriya ko sammu, shi ya sa mai wurin zai rantse miki ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Kwastoman da ya kwana yana zarya ba ya dawowa ya yi ƙorafi, daina zuwa kawai yake ya kuma faɗa wa abokansa. A Niyu Yok tun 2010 ake liƙa sakamakon dubawa a ƙofar gidan abinci, A ko B ko C, kowa ya gani kafin ya shiga, na daɗe ina fatan a kawo mana irin wannan don masu gyarawa irinki su ci ribar wahalarsu.

Na goron da maƙwabcinki ya ce, idan kika bayar sau ɗaya kin zama gona, duk wata sai an zo girbi, kuma ruwan jinin da ke gindin firiza yana nan inda yake. Kwana 7 sun isa. Gobe da safe kafin a kunna wuta ki shiga kicin ke kaɗai da takardar a hannu, ki kwashe firiza har ƙasa, ki ja buhuna, ki leƙa tanki, ki tsaya a ƙofar banɗaki ki ga ko akwai sabulu. Abin da ba ya cin kuɗi ki gama shi a ranar, bokiti mai famfo da katakon yanka na biyu da robobi masu murfi da kwandon shara duk ba su kai kuɗin tayil na ɗaki ɗaya ba. Abin da yake buƙatar gini kamar gyaran kwata ko raba ƙofar banɗaki da kicin, ki je ofishinsu da kanki kafin wa'adin ya cika ki nuna abin da kika gama ki nemi ƙarin lokaci a rubuce, galibi ana bayarwa idan an ga an fara, wanda ya yi shiru ne ake kaiwa kotun tafi-da-gidanka. Idan sun dawo ki bi su ƙafa da ƙafa kina tambaya, ki sa su rubuta cewa an gyara su sa hannu da kwanan wata, ki ajiye kwafi tare da takardun gwajin yaran. Idan kuma akwai layin da ba ki gane ba a takardar, ki turo min shi yadda suka rubuta in fassara miki.